Ɗakin da aka hana iyaye shiga

Masu karatu, ƴan kasuwarmu da suka saba sauke kaya a tashar Lome ko ta Kwatano sun san haruffan nan uku, MSC, a jikin kwantena tun ba yau ba. Kamfanin iyalin Aponte ne, mai cibiya a birnin Jeneba, kuma shi ne ya sayi harkokin sufurin Bolloré na Afirka cikin watan Disamba na 2022 a kan Yuro miliyar 5,7, wato sama da miliyar 3.700 na sefa. Amma gidan nan yana da wani reshe wanda ba ya ɗaukar shinkafa ko atamfa. Mutane yake lodi, ya zaga da su teku kwana bakwai, ya komo ya sauke su daidai inda ya ɗauke su. Ba su da wani gari da suka nufa. Ita tafiyar ce hajar da suka saya. Ƙungiyar kamfanonin da ke wannan sana'a, CLIA, ta ƙidaya fasinja miliyan 34,6 a shekarar 2024, adadin da ya ɗara yawan al'ummar Nijar baki ɗaya, ya kuma wuce miliyan 29,7 na shekarar 2019, kafin annobar korona ta ɗaure jiragen a bakin gaɓa.

Cikin wannan taro akwai fasinja guda wanda ya fi hana masu jiragen barci, alhali kuwa ko tamma ba ya biya daga aljihunsa: yaro ko yarinya ƴan shekara 13 zuwa 17. Ƙaramin yaro sha'aninsa da sauƙi, a ba shi alli da takarda da mai reno, ya wuni. Babba ma haka, kujera a rana da abinci sun ishe shi. Shi kuwa ɗan shekara 15 ya wuce a yi masa tatsuniya, bai kai a bar shi shiga gidan rawa ko na caca ba, zama kusa da uwa da uba kuma kunya yake ba shi a gaban tsararsa. Idan ya gundura, to, ya ɓata wa gida duka mako guda da aka biya da tsada, kuma baɗi uban ba zai sake sayen tikiti ba. Duk abin da za a faɗa a kan ɗakunan matasa na cikin jirgi, daga wannan lissafi ya samo asali.

Dabara ta farko ita ce raba yara bisa shekaru, rabo mai tsanani. A jiragen Carnival, ƴan 12 zuwa 14 suna da ɗakinsu mai suna Circle C, ƴan 15 zuwa 17 kuma suna Club O2. MSC ta bi wannan tsari daidai, da Young Club da Teen Club. Disney tana da Edge don ƴan 11 zuwa 14, da Vibe don ƴan 14 zuwa 17, ta yadda ɗan 14 yake da zaɓi tsakanin biyun. Norwegian ita ta haɗa ƴan 13 zuwa 17 wuri ɗaya a Entourage. Duk malamin da ya taɓa riƙe aji a CEG da kuma lise zai gaya maka cewa Carnival da MSC sun fi gaskiya, domin tsakanin ƴar shekara 13 da saurayi ɗan 17 akwai nisan da shekara huɗu ba ta bayyana shi.

Abin da ke cikin ɗakin kansa ba wani abin mamaki ba ne: kujeru masu laushi, manyan akwatunan talabijin, wasannin bidiyo, teburin babi-fut, wurin kiɗa, lemo ba giya. Akwai ma'aikata ƙalilan, galibi matasa su ma, da ke shirya gasar waƙa, da farautar kaya da aka ɓoye a sassan jirgi, da wasan ƙwallon kwando, da bikin rawa da dare. Inda aka zuba kuɗi na gaske a waje ne, a saman jirgi. Royal Caribbean ta fara da Voyager of the Seas a 1999, da bangon hawa da filin ƙanƙara na zamiya a tsakiyar teku. A 2006 ta sa wa Freedom of the Seas injin da ke tayar da igiyar ruwa, mutum ya tsaya bisa allo yana kokawa da ita har ta kayar da shi. Norwegian Joy ya zo da hanyar tseren ƙananan motoci a 2017, Mardi Gras na Carnival kuma ya zo a 2021 da keken dogo mai gudu da ke kewaya rufin jirgi. Sai Icon of the Seas, wanda aka ƙera a Turku ta ƙasar Finlan, ya fara aiki daga Miyami cikin Janairun 2024: tsawonsa kusan mita 365, wato kimanin rabin gadar Kennedy ta Yamai, hawa 20, yana iya ɗaukar fasinja 7.600 da ma'aikata 2.350, da manyan bututun sulalewa cikin ruwa har guda 6. An ce ya ci kusan dala miliyar 2, kuma dalar Amurka ake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba.

Sai dai ni a ganina ba waɗannan injuna ne suka fi cancanta a dube su ba. Ƙofa ce. A bakin ɗakin matasa doka ɗaya ce take aiki a kusan dukan kamfanoni: babba ba ya shiga, ko da uban da ya biya kuɗin ne, sai fa a sa'o'in da aka keɓe don iyaye su leƙa. Shi kuma yaron yana shiga yana fita yadda ya ga dama, babu mai sa masa hannu a rajista kamar yadda ake yi wa ƙannensa a sashen ƙanana. Disney ta kai abin wani matsayi. Jirginta na farko, Disney Magic, wanda ya fara aiki a 1998, yana da bututun hayaƙi biyu, amma na gaba na ado ne kawai, ba hayaƙin da ke fita ta cikinsa. A cikin wannan bututu na ƙarya aka kafa ɗakin matasa, can sama, nesa da idon kowa. A Disney Dream na 2011 kuwa an ba su har da barandarsu ta shan rana a goshin jirgi, wadda sauran fasinja ba su da hanyar isa gare ta.

Masu wannan tsari sun fahimci wani abu game da matashi wanda hukumomi da yawa ba su fahimta ba. Ba ya son a shirya masa wasa. Wuri yake so wanda zai ce nasa ne, inda zai sami tsararsa, kuma a bar masa ikon tashi ya tafi. Shi ya sa ma'aikatan suke nacewa iyaye su turo ƴaƴansu tun daren farko. A daren nan ne ake ƙulla abota, ƙungiyoyi su kafu, kuma wanda ya makara har kwana na uku sai ya tarar kowa ya riga ya sami abokansa. Bayan haka ɗakin yakan koma mahaɗa kawai: a taru a can, a fita tare zuwa tafkin iyo ko wurin da ake raba abinci kyauta har tsakar dare. Kamfanin bai damu ba. Muddin uwa tana iya cewa a ranta "yana can wajen ƴan uwansa," an sayar mata da abin da ta zo nema.

Shiga ɗakin kyauta ne, yana cikin kuɗin tikiti. To amma ɗan kasuwa ya san kyautar da ake yi a bakin shago. A cikin jirgi ba a taɓa tsabar kuɗi. Kowane fasinja, har yaro, yana da kati guda wanda shi ne makullin ɗakinsa, shi ne shaidarsa, shi ne kuma aljihunsa, kuma duk abin da aka saya da shi yana tafiya kan asusun uba. Injunan wasa na biya, da lemon kwalba, da intanet da ake sayarwa kwana-kwana, ga shi Royal Caribbean ta koma amfani da taurarin Starlink tun 2022 don kada wayar yaro ta yi shiru a tsakiyar teku. Ana iya zuwa wajen karɓar baƙi a rufe katin yaro ko a yanka masa iyaka, amma sai wanda ya san da haka ya je ya nema. Wanda bai sani ba, takardar daren ƙarshe ce za ta koya masa. Riba mafi girma kuma ba ta mako ɗaya ba ce. Yarinyar da ta yi kwana bakwai mafi daɗi a rayuwarta tana da shekara 16, ita ce za ta sayi tikitin iyalinta tana da 36, kuma da wuya ta canza kamfani.

Ba kowa ya bi wannan hanya ba. Virgin Voyages da Viking ba sa ɗaukar wanda bai cika 18 ba sam, kuma suna tallar hakan da alfahari. Matashi haja ce ko an ɗauke shi ko an bar shi a gaɓa.

Akwai kuma waɗanda tsarin ya zubar a tsakiya. Ranar da yaro ya cika 18, ƙofar ɗakin ta rufe masa, ko da yana ajin ƙarshe na lise bai zauna jarrabawar bak ba, ko da ƙanensa ɗan 17 yana ciki. Ga shi a yawancin jiragen da ke tashi daga Amurka ba a sayar wa mutum giya sai ya kai 21, don haka zaman mashaya ma ba nasa ba ne. Disney ta ƙirƙiro wa waɗannan wani shiri mai suna 1820 Society, amma ƴan tarurruka ne jefi-jefi, ba ɗaki mai ƙofa ba.

Yanzu sai mu zo inda takardun talla suke yin shiru. Uba yakan ce a ransa: jirgi ne, ruwa ta ko'ina, ina yaro zai je? Gaskiya ne ba zai ɓace ba. Amma jirgin da ke ɗauke da mutum dubu biyar ko bakwai gari ne sosai, mai dogayen lunguna, da dubban ɗakuna masu kulle, da manya da suka wuni suna sha, kuma babu ofishin ƴan sanda ko na jandarma a cikinsa, sai masu gadi waɗanda kamfanin ne yake biyansu albashi. Ɗakin matasa yana da mai lura. Hanyar da ke tsakaninsa da wurin kwana ba ta da shi. Daɗin daɗawa, sau da yawa matashin ba ma ɗaki ɗaya yake kwana da iyayensa ba: ƙa'idar Carnival ta yarda ɗan 15 zuwa 17 ya kwana har ɗaki uku nesa da nasu.

Amurka ta kafa doka a kan wannan cikin watan Yuli na 2010, a zamanin shugaba Obama. Ta tilasta wa manyan jiragen da ke ɗauka ko sauke fasinja a tashoshinta su ɗaga shingen bakin bene ya kai inci 42, wato kimanin santimita 107, su huda ƴar kafar leƙe a ƙofar kowane ɗaki, su tanadi kayan binciken fyaɗe da ma'aikacin lafiya da ya iya aikin, su kuma kai rahoton manyan laifuffuka ga hukumar FBI. A 2013 wani rahoton kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Sanata Jay Rockefeller ya nuna cewa kaɗan ne daga cikin laifuffukan da ake kai wa FBI suke fitowa ga jama'a, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi ƙarar an ci zarafinsu ta hanyar lalata yara ne da ba su kai 18 ba. Daga baya aka gyara doka, ma'aikatar sufuri ta Amurka take buga alƙaluman kowane wata uku, kuma cikin laifuffukan da ake bugawa, cin zarafin lalata ne ke kan gaba. Idan aka auna da miliyoyin da ke tafiya, adadin ƙarami ne. Amma uban da abin ya faɗa wa gidansa zai tarar da wata wahala a kan wahala: jirgin da ya hau a Miyami ko Marsay yana ɗauke ne da tutar Bahamas, ko Panama, ko Malta, kuma a tsakiyar teku dokar ƙasar tuta ce take fara aiki. Shaidu kuwa ranar sauka za su watse zuwa ƙasashe ashirin.

Kamfanonin sun san da wannan, ko da yake sukan yi jinkiri. Disney ba ta ajiye masu ceto a bakin tafkunan iyo ba sai a 2013, Royal Caribbean kuma sai a 2017, bayan an yi asarar yara a jirage daban-daban. Carnival ta kafa dokar hana yawon dare cikin Satumban 2022: daga ƙarfe 1 na dare, ɗan 17 zuwa ƙasa ba zai kasance a wuraren jama'a ba sai tare da babba na cikin tafiyarsu, ko kuwa yana cikin shirin ɗakin matasa. Royal Caribbean ma ƙarfe 1 ta tsayar. Mai karatu ya lura da sa'ar. Ba don barcin yaro aka zaɓe ta ba. Lokacin ne ɗakin ke rufewa, ma'aikatan su tafi hutawa, nauyi ya koma inda ya fito.

Inda ya fito kuwa a rubuce yake. Tikitin jirgi yarjejeniya ce mai shafuka da yawa, kuma a cikinta babban da ya zo da yaro ya amince cewa shi ne ke da alhakin kula da shi da abin da ya aikata tun daga hawa har sauka, dare da rana, har da sa'o'in da yake cikin ɗakin da aka hana shi kansa uban shiga. Idan yaron ya yi faɗa, ko aka kama shi da giya, ko ya hau shingen bene don ɗaukar hoto, hukumar jirgi tana da ikon tsare shi a ɗakinsa, ko ta sauke shi tare da mai kula da shi a tasha ta gaba. Ba a mayar da kuɗin kwanakin da suka rage, kuma tikitin jirgin saman komawa gida daga aljihun uba zai fito.