Kyautar Kirsimeti Ko Kuwa Toshiyar Baki?

Da zarar watan Disamba ya raba tsakiya, sai sha'anin ofisoshin gwamnati ya canja. Motocin 'yan kwangila su dinga shiga da fita a sakatariya, ɗauke da buhunan shinkafa da jarkokin mai da kwandunan kayan gwangwani waɗanda aka naɗe da leda mai ƙyalli. A ba direbobi takarda mai jerin sunaye, su yi ta bi gida gida a unguwannin manyan ma'aikata. Sunan abin dai kyautar Kirsimeti. Amma duk wanda ya dubi jerin sunayen nan ba zai ga na masinja ba, ba zai ga na mai gadi ba, balle na tsohon akawun da ya yi ritaya yana ta sintirin neman fanshonsa. Kyautar kullum sama take yi, kamar hayaƙi.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Ƙa'idojin Ɗa'ar Ma'aikata da ke cikin Tsarin Mulkin 1999 sun hana ma'aikacin gwamnati ya nemi wani abu ko ya karɓa saboda aikin da ya yi, ko wanda ya ƙi yi, a bakin aikinsa. Abin da aka yarda masa kawai shi ne kyautar dangi da abokai, gwargwadon yadda al'ada ta saba. Idan kuwa kyautar daga kamfani ta fito, ko daga wanda yake da kwangila da gwamnati, to, doka tana ɗaukarta a matsayin haramtacciya har sai an tabbatar da akasin haka. Sai dai doka a takarda take. Tun da da sunan bikin addini ake wannan rabo, ya kamata a tambayi addinin da kansa, me ya ce game da kyauta?

Masu kare al'adar sukan kafa hujja da labarin masanan nan na gabas, wanda ke cikin sura ta 2 ta Linjilar Matiyu, waɗanda suka kai wa jariri Yesu zinariya da lubban da mur. Gaskiya ne sun kai. Amma a lura da inda suka kai. Sun fara biyawa ta fadar Sarki Hirudus a Urushalima, ba su kwance kayansu a can ba, sai da suka isa wani gida a Baitalami inda babu mai ikon ba su muƙami ko kwangila. Kuma bisa ga labarin, sai da suka durƙusa suka yi mubaya'a kafin su buɗe taskokinsu. Wato kansu suka fara miƙawa, dukiya ta biyo baya.

Wannan tsari, na miƙa kai kafin miƙa kaya, ya fi fitowa fili a wasiƙar Manzo Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa, sura ta 8. A lokacin Bulus yana tara gudummawa daga ikilisiyoyin ƙasar Girka domin matalautan masu bi na Urushalima. Mutanen Korinti, waɗanda birninsu na fatauci ne mai tashar jiragen ruwa, sun yi alkawari tun shekarar da ta gabata, amma suka yi ta jan ƙafa. Mutanen Makidoniya kuwa, inda garuruwan Filibi da Tasalonika suke, suna cikin matsanancin talauci da tsanani, duk da haka su ne suka roƙa a bar su su sa hannu, har suka ba da abin da ya fi ƙarfinsu. Dalilin da Bulus ya bayar shi ne, sun riga sun ba da kansu ga Ubangiji tun da fari, saboda haka ba da kuɗi bai zame musu wani abu mai wuya ba. A wasiƙarsa zuwa ga Romawa ma, sura ta 12, ya bukaci Kirista ya zama shi kansa ne hadayar, tun yana da ransa da lafiyarsa. Ga ma'aikaci ma'anar wannan a fili take: lokacinsa, da sa hannunsa, da fayil ɗin da ke kan teburinsa, duk suna cikin abin da ya miƙa.

Akwai kuma ma'auni mai sauƙi a sura ta 14 ta Linjilar Luka, inda Yesu ya hori mai masaukinsa da cewa in zai kira biki, ya gayyaci waɗanda ba za su iya rama masa ba, irin su matalauta da guragu da makafi. Idan aka auna kwandon ɗan kwangila da wannan ma'auni, ba sai an yi dogon bayani ba.

Ko Baban Kirsimetin nan da yara ke ɗoki, mai jar riga da farin gemu, asalinsa wani Bishop ne mai suna Nikolas, wanda ya yi zamani a ƙarni na 4 a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Labarin da aka gada game da shi yana cewa ya jefa kuɗin aurar da 'yan mata uku cikin gidan mahaifinsu matalauci da dare, don kada a gane shi. Yau kuwa ba a kai kwando sai an maƙala masa katin kamfani, da adireshi da lambar waya.

Ba sai an je Turkiyya neman misali ba. Cikin mutum uku da suka sauka Ikko a 1893 da niyyar kai bishara cikin ƙasa, biyu, wato Walter Gowans da Thomas Kent, sun mutu a 1894, ɗaya a Girku ɗaya a Bida. Rowland Bingham ne kaɗai ya rage, kuma daga aikin nan nasu ne ikilisiyar ECWA ta tsiro a 1954. Bayansu an yi masu bishara 'yan ƙasa, da malaman makaranta da ma'aikatan shan magani, waɗanda suka zauna a ƙauyuka suna noma abin da za su ci, albashin kuwa bai taka kara ya karya ba. Har yanzu matan Zumunta, da ɗan abin da suka tara daga sayar da ƙosai ko hatsi, su ne kan gaba wajen kai wa gwauraye da marasa lafiya ziyara. Babu wanda ya taɓa jin an maƙala kati a jikin kwanon da suka kai.

Kada a ɗauka ana cewa a daina kyauta ne. Ɗinka wa yara sababbin tufafi, da aika wa iyaye abin cefane a ƙauye, da kwanon shinkafa da nama da Kirista ke aika wa maƙwabcinsa Musulmi, wanda shi ma yakan aiko da nasa ran Salla, duk abubuwa ne masu kyau, kuma suna cikin abin da ya riƙe zaman tare a garuruwa irin su Kaduna da Jos da Zariya duk da abubuwan da suka faru. Abin damuwa shi ne ƙaramin ma'aikacin da yake ganin tilas ne shi ma ya kai wa maigidansa wani abu, don kada a manta da shi ran ƙarin girma ko canjin wurin aiki. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, a ƙarshen shekarar kuwa buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi wannan kuɗi tsada. Mutumin da ke kan irin wannan albashi in ya ci bashi ko ya kwashe adashinsa ya sayi kaji ya kai gidan darekta, to, kuɗin makarantar 'ya'yansa na watan Janairu ya kai. Babban da ya karɓa kuwa ya sani sarai.

Daren 31 ga Disamba majami'u kan cika maƙil, ana addu'ar shiga sabuwar shekara. Mabiya ɗariƙar Methodist ma suna da sujada ta musamman ta sabunta alkawari, wadda John Wesley ya fara a birnin London a 1755, inda mutum yake miƙa kansa gaba ɗaya, ko a ɗaukaka shi ko a ƙasƙantar da shi. Manyan sakatarori da darektoci da yawa za su kasance a sahun gaba a irin waɗannan taruka, kuma shugabannin ikilisiya suna da damar yi musu maganar kwandunan nan ƙiri ƙiri, ko da yake wasunsu su ma an kai musu nasu. Shugabannin ma'aikata na jihohi kuma za su iya fitar da takardar umurni tun farkon Disamba, a buɗe littafi a kowace ma'aikata, duk kayan da wani kamfani ya kawo a rubuta sunansa da adadinsa, sa'an nan a mai da masa abinsa, ko kuwa a kai asibiti da gidan marayu da sansanin 'yan gudun hijira, a karɓo rasiɗi.