A Fitar da Biki Sarari, a Bar Tsoho Ya Taka

Ɗan'uwa mai karatu, ko kana zaune a bencin asibiti kana jiran ganin likita, ko wani ne yake karanta maka wannan ɗan littafi bayan an tashi sujada, zo mu yi shawara a kan tsofaffin gidanku.

An gama kaka. Gero ya shiga rumbu, an sayar da wake, kuɗi sun ɗan shigo hannu. Lokacin aure ke nan da ziyarar dangi. Kirista suna shirin Kirsimeti da Sabuwar Shekara. Ɗalibai za su zo hutu, ma'aikata za su zo daga Yamai da Tawa da Maraɗi, wasu ma daga Kano ko Abijan. Cutar korona kuwa ba ta tafi ba tukuna. Shi ya sa mutane suke tambayarmu: mu fasa taron bana? Mu hana Baba fita?

Ga ra'ayina. Kada ku fasa taro, kada kuma ku kulle tsoho a ɗaki. Ku fitar da taron sarari inda iska take kaɗawa, ku bar tsoho ya ci gaba da yawonsa zuwa gona da lambu. Bari in faɗi dalili.

A ranar 19 ga watan Maris na 2020 aka sami mutum na farko mai korona a Nijar, a birnin Yamai. Gwamnati ta rufe makarantu da iyakoki, ta rufe masallatai da majami'u har zuwa 13 ga watan Mayu. A lokacin ba a san halin cutar sosai ba. Yanzu an sani. Ƙwayar cutar tana fita tare da numfashin mai ɗauke da ita, sa'ad da yake magana ko tari ko waƙa ko dariya. Ku dubi hayaƙin girki. In aka hura wuta a cikin ɗaki aka rufe ƙofa, kowa sai ya yi hawaye. In aka hura ta a tsakar gida, iska ta kwashe hayaƙin. Haka numfashin mai korona yake, sai dai shi ba a ganinsa, ba ya kuma yaji a ido. Ɗaki rufaffe cike da mutane shi ne wurin hatsari, kuma a hunturu ne muka fi toshe tagogi mu cunkusu wuri ɗaya. A watan Disamba na 2020 cutar ta sake tashi da ƙarfi a ƙasar nan.

Wani zai ce, ai ciwon Turawa ne, mu ba mu gan shi a ƙauyenmu ba. Gaskiya ne bai yi mana ɓarna kamar yadda ya yi a Italiya ko Amurka ba, mun gode wa Allah. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, yara kuwa yawanci cutar takan wuce su da sauƙi. Amma ta kashe ƴan ƙasa. Ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ita ce ta yi ajalinsa a watan Mayu na 2020. Wanda ya haura shekara 60, da mai ciwon sukari, da mai hawan jini ko ciwon zuciya ko na huhu, su ne take kayarwa. Saurayi zai iya sauka daga mota da ƙwayar cutar a jikinsa, ba tari ba zazzaɓi, ya shiga ɗakin kakarsa ya yi hira har dare, ya bar mata abin da bai san ya kawo ba.

To, in haka ne, me zai hana a ajiye tsoho a ɗaki har annoba ta wuce? Na ga abin da wannan yake jawowa. Akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda ya yi ritaya ya dawo ƙauyensu. Yana da ciwon sukari, amma kowace safiya yakan taka zuwa lambun albasarsa ya dawo, sukarin yana zaune lafiya. Da korona ta zo, ƴaƴansa na birni suka yi ta bugo waya: kada a bar Baba ya fita, kada kowa ya shiga wurinsa. Don ƙauna suka yi. Bayan wasu watanni aka kawo mana shi. Sukari ya hau, gwiwoyi sun sandare, ba ya barci, ba ya son abinci, magana ma sai an ja shi. Korona ba ta taɓa shi ba, zama da kaɗaici ne suka kwantar da shi.

Jikin tsoho kamar ƙofar da ba a buɗewa ne, in ya daɗe a zaune sai ya yi tsatsa. Tafiya da ƙafa tana rage sukari a jini, tana taimaka wa hawan jini, tana ƙarfafa cinya don kada mutum ya riƙa faɗuwa, tana kawo barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Hanyar gona kuwa ita ce wurin da ya fi wuya a ɗauki korona, gama iska ce ta ko'ina.

Baba, Inna, da ku nake yanzu. Wanda ya ajiye aikin gwamnati ko na ikilisiya, da wanda ya miƙa wa ƴaƴa hauya, duk ɗaya ne. Ku fita da hantsi bayan sanyi ya saki, ko da la'asar sakaliya. Ku yi tafiyar da za ku iya magana a cikinta ba tare da haki ba. In kun daɗe ba ku taka ba, ku soma da minti 10, ku riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ku ɗauki sanda da gorar ruwa. Ranar da ƙura ta yi yawa ku rufe hanci da rawani ko mayafi, mai asma kuwa ya dakata sai ta lafa. Ku sa takalmi rufaffe saboda ƙaya da kunama da kububuwa. Mai ciwon sukari kada ya fita da yunwa in ya sha magani. Ya sa dabino biyu ko uku a aljihu, in ya ji jiri da gumi da rawar jiki ya zauna ya ci. In ya dawo ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, gama ƙaya takan shiga bai ji ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo. Ku tafi da aboki ko jika, ku faɗa wa na gida inda kuka nufa. Inda daji ba lafiya saboda ƴan bindiga, kada ku yi nisa. Ku zaga bayan gari ko filin makaranta, ya isa.

Sai maganar biki. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ba na so annoba ta yanke mana wannan ƙafa. Gyara kaɗan ake bukata. Ku shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ko ƙarƙashin rumfa, ko a inuwar gawo, wanda Allah ya sa yake fid da ganye da rani sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe. Za ku ce akwai sanyi. To, a yi taron da rana, daga hantsi zuwa la'asar, a ba tsoho bargo. In za a ji ɗumi a hura wutar a waje. Garwashi a ɗaki rufaffe ma kansa yana kisa.

A ba dattijo wurinsa ta inda iska take fitowa, da tazarar taki biyu tsakaninsa da jama'a. A durƙusa a gaishe shi daga nan, hannu a ƙirji. Wannan ladabi ne da muka gada, ba wanda zai kira shi raini. A zuba masa abinci a kwanonsa, a ba shi ludayinsa na fura. Kada a wanke hannu a tasa ɗaya. A zuba ruwa daga buta, a cuɗa da sabulu sosai. Baƙon da ya zo daga nesa ya kwana a wani ɗaki dabam, ya yi hirarsa da tsofaffi a waje, in kuwa dole ya shiga ɗakinsu ya rufe hanci da baki da takunkumi. Mai mura ko tari ko zazzaɓi ya zauna gida ko da shi ne babban abokin ango, a kai masa tuwonsa.

Fastoci da dattawan ikilisiya, sujadar daren Kirsimeti takan cika maƙil, waƙa kuma tana fitar da numfashi fiye da magana. Ku buɗe ƙofofi da tagogi duka, ko ku fitar da bencuna waje. Ƴan zumuntar mata da mawaƙa su tsaya nesa da layin tsofaffi. Limamai da masu ɗaurin aure, ku ma ƙofar gida ta fi zaure.

Abu na ƙarshe shi ne allurar rigakafi. A ƙarshen watan Maris na 2021 aka fara yin ta a Nijar, kyauta. A lokacin, wata sau biyu aka riƙa yi, ta Johnson & Johnson sau ɗaya. Hannu yakan yi tsami, jiki ya ɗan yi zafi kwana ɗaya ko biyu, ya wuce. Ba ta hana kamuwa ɗungum, amma tana rage tsananin ciwo da mutuwa ƙwarai. Jiki yana bukatar kamar mako 2 kafin ta kama, saboda haka kada a bari sai jajibere. Ɗan da yake shirin saya wa mahaifinsa sabuwar riga, ya fara ɗora shi a babur ya kai shi a yi masa allura.

In bayan biki tsoho ya soma zazzaɓi ko tari, kada ku ce sanyi ne ku tsaya jiƙe-jiƙe. Zai yiwu zazzaɓin sauro ne, zai yiwu ciwon huhu ne ko korona, gwaji ne zai raba. In numfashi ya yi masa wuya, ko ƙirji yana ciwo, ko ya rikice ba ya gane mutane, ku kawo shi nan take, ko da tsakar dare ne.

Musulmi da Kirista duka an umarce mu mu girmama iyaye. A bana girmamawar ita ce a kai su rigakafi, a shimfiɗa musu tabarma a sarari, da safe kuma a miƙa musu sanda a raka su lambu. Allah ya kai mu bikin lafiya, ya maimaita mana tare da su.