Alawus Yana Ƙarewa, Sana'a Ba Ta Ƙarewa

A wannan mako ina so mu duba al'amarin 'ya'yanmu da ƙannenmu waɗanda suka gama makaranta, ga takardar shaida a akwati, amma kullum sai zaman kashe wando a gindin bishiya. Lalle abin ya shafe mu, domin idan saurayi ba shi da aikin yi, uwa ce take ba shi kuɗin sabulu, ita ce kuma ba ta barci in ya yi dare a waje.

Da farko mu tuna cewa ba lalacin yara ne kaɗai ya kawo wannan hali ba. A da, yaro yana gama makaranta sai ya nufi Kakuri a Kaduna, ko Bompai da Sharaɗa a Kano, ya sami aiki a masaƙa. Masaƙar Kaduna wadda aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL kuma ta tsaya a 2007, saboda rashin wutar lantarki da kwararowar atamfar waje mai araha. Makarantu suna ta yaye yara kowace shekara, ƙofofin aiki kuwa suna ta rufewa.

Gwamnatin Tarayya ta gwada magani. A 2016 ta fito da shirin N-Power domin matasa 'yan shekara 18 zuwa 35. Aka ɗauki mutum 200,000 a karon farko, daga baya aka ƙara 300,000, aka rarraba su makarantun firamare da asibitoci da wajen aikin gona, ana ba mai digiri Naira 30,000 kowane wata. Mu malamai mun ga amfaninsu, domin sun riƙe azuzuwan da ba su da malami, kuma wannan kuɗi ya rufa wa gidaje da yawa asiri.

To, amma ina aka kwana? A 2020 aka sallami rukunin farko da na biyu, mafi yawansu ba tare da an ba su aikin dindindin ba. Da aka buɗe ɗaukar sabon rukuni a wannan shekara, fiye da mutum miliyan 5 ne suka nema. A watan Oktoba na 2023 kuma aka dakatar da shirin domin bincike. Watau an ba yaro abin sawa a baki na ɗan lokaci, ba a bar masa abin riƙewa a hannu ba. Ranar da alawus ya tsaya, sai ya koma inda ya fito, ga shekaru sun ƙaru, wani ma har da mata da 'ya'ya.

A ganina hanyar da ta fi ita ce wadda aka fara a 1987, sa'ad da Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, watau NDE, ta shiga haɗa matasa da masu sana'a su koya a hannunsu. Malaman koyarwar ba su da nisa. Ga maƙera da masu walda a Panteka ta Kaduna, ga dukawa masu takalma a Ƙofar Wambai, ga marina a Ƙofar Mata. Abin da ya kamata gwamnati ta yi shi ne ta biya mai koyarwa, ta ajiye wani kashi na alawus ɗin yaro, ran da ya ƙware a saya masa kayan aiki da shi, sa'an nan a yi masa jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ya sami takarda. Har wa yau dole a gyara wuta, domin mai walda ko tela da ba shi da lantarki, ribarsa a man janareta take ƙarewa.

Mu ma iyaye mata da namu. Mu daina cewa wai ɗanmu ya yi ilmi, ya fi ƙarfin kafinta ko gyaran waya. Ilmin ne zai sa ya iya lissafin jari da riba, ya fi wanda bai yi ba. Tun yana sakandare a tura shi shago lokacin hutu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada kuma mu manta da 'ya'ya mata. Muna shekaru muna zuba adashi domin gado da kwanuka da kujeru. Me zai hana a cikin kuɗin nan a ware na keken ɗinki ko injin markaɗe? Wadda ke da ƙwaƙwalwar karatu a bar ta ta yi aikin ungozoma ko koyarwa, ƙauyukanmu suna neman su ruwa a jallo. Mace mai sana'a ko mijinta ya rasu, ko aure ya mutu, ba za ta tagayyara da marayu ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su abin yi na halal, amin.