Waiwaye: Ranar da Shafin Makaranta Ya Koma Tallar Sola

Idan shafin intanet ya mutu murus, abin da sauƙi: kowa ya ga saƙon kuskure, kowa ya san akwai gyara a gaba. Wanda ke ɗaure wa mutane kai shi ne shafin da ke buɗewa lafiya lau, har ma da sauri, amma abin da ya fito ba naka ba ne. An fi ganin haka bayan an yi wa shafi ƙaura daga wata saba zuwa wata, wato an kwashe shi daga babbar kwamfutar da ke ɗauke da shi an kai shi sabuwa. Kusan kullum abin da ke fara fitowa daga bakin mai shafin shi ne “an yi mana kutse”. A tsawon zamana cikin wannan sana'a, da wuya na ga ya tabbata kutsen ne.

Shekarun baya wani ƙanena a sana'a ya karɓi aikin mayar da shafin wata makarantar kuɗi zuwa sabar da yake haya, saboda tsohuwar takan durƙushe duk lokacin da iyaye suka yi rububin duba sakamako. Ya yi aikin a daren Juma'a, ya gwada a laftof ɗinsa ya ga komai tsaf, ya je ya kwanta. Gari na wayewa, Asabar ɗin da aka ce wa iyaye su duba sakamakon zango, waya ta hana shi sakat. Hajiya mai makarantar ta ce ita da ta buɗe, shagon batura da farantan sola ta gani. Hedimasta ya ce shi makarantar yake gani, sai dai babu sakamakon, sanarwar tsakiyar zango ce har yanzu a sama. Shi kuwa yaron, sabon shafi yake kallo fes.

Ya kira ni muryarsa na rawa. “Yaya, ina ganin goge komai zan yi in sake ɗora WordPress ɗin daga farko.” Na ce, “Kul, kada ka taɓa ko fayil ɗaya. Mutum uku ne kowa da abin da yake gani. Fara gano mini wace kwamfuta ce ta amsa wa kowannenku, kuma wane suna kowa ya rubuta.”

Abin da nake so duk mai wannan aiki ya riƙe ke nan. Shafin da bai dace ba amsa ce da wata na'ura ta bayar, kuma muddin ba ka san wadda ta bayar ba, duk gyaran da ka yi lalube ne. Da ya goge WordPress a sabuwar sabar, da ya ɓata abin da lafiyarsa ƙalau, matsalar kuma tana nan daram.

Muka fara da laftof ɗinsa, don shi ne mafi sauƙi. Kwamfuta ba ta zuwa wurin shafi da suna, da lamba take zuwa, wadda ake kira adireshin IP. A zamanin ARPANET, uwar intanet ta yau, fayil guda ne mai suna HOSTS.TXT ke ɗauke da sunayen kwamfutoci da lambobinsu, ofishin Elizabeth Feinler a cibiyar bincike ta SRI a Kalifoniya ne ke kula da shi, kowa ya sauke kwafi. Da kwamfutoci suka yi yawa abin ya gagara, sai Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983, tsarin da har yau shi ke mayar da suna lamba. Amma ɗan fayil ɗin bai mutu ba. Yana nan a Windows da Linux da Mac da sunan hosts, kuma a yawancin saiti kwamfuta shi take fara dubawa kafin ta tambayi kowa. Ƙanena ya rubuta lambar sabuwar saba a ciki don ya gwada shafin kafin ya sauya DNS. Hakan daidai ne, haka ake yi. Sai dai tun da layin na nan, laftof ɗinsa ba zai taɓa nuna masa abin da sauran jama'a ke gani ba. Ya share layin, sannan muka koma kan hedimasta.

Na hedimasta shi ne wanda kamfanonin hayar saba ke sallamar kwastoma a kansa da cewa a jira awa 24 zuwa 48 sauyin ya “bazu”. Ba na son wannan bayanin, domin babu abin da ke bazuwa. Kowane bayanin DNS yana tafe da wa'adi da ake kira TTL, a daƙiƙoƙi, wanda ke gaya wa duk na'urar da ta tambaya tsawon lokacin da za ta riƙe amsar kafin ta sake tambaya. Na makarantar 86400 ne, wato kwana ɗaya cur. Na'urar kamfanin layin da hedimasta ke amfani da shi ta yi tambaya da yammacin Juma'a, aka ba ta tsohuwar lamba, ita kuma za ta ci gaba da miƙa wa masu layin wannan lambar har wa'adin ya cika. Muka tabbatar da umarnin nslookup: ta layin hedimasta tsohuwar lamba ke dawowa, da muka tambayi 8.8.8.8 na Google kuwa sai ga sabuwa. Maganin wannan kafin ƙaura ake shan sa. Ana rage TTL zuwa 300, minti biyar, aƙalla kwana ɗaya kafin ranar, don tsohon wa'adin ya ƙare tukuna. Bayan an yi ƙaurar, sai haƙuri.

Haɗarin da ke nan ba na jira ba ne kawai. Hedimasta, ganin babu sakamako, har ya shiga ɓangaren gudanarwa zai sake ɗora makin yara da hannunsa, bai san tsohuwar saba yake ciki ba. Da ya yi, da an wayi gari da rumbun bayanai biyu da suka saɓa wa juna, na tsohuwa kuma ya bi ruwa ranar da aka kashe ta. Shi ya sa a kwanakin ƙaura ake barin tsohuwar saba a kunne, amma a rufe duk wata hanyar rubuta sabon abu a cikinta.

Na Hajiya shi ne ainihin ciwon. Kafin mu kai kanta har ta kira tsohon kamfanin ta wanke su tas, wai sun yi mata ramuwar gayya don ta bar su. Na ce wa ƙanena ya tambaye ta abin da ta rubuta harafi da harafi. Ta ce, “Abin da ke jikin allon makaranta mana, ɗan nan.” A allon kuwa, da kan takardun makaranta duka, sunan yana farawa ne da www. Shi bai taɓa gwadawa da www ba.

Saba ɗaya takan ɗauki shafuka masu yawa a kan lamba ɗaya. Dole ce ta sa: adireshin IPv4 bai wuce kusan biliyan 4.3 ba, kuma tun a Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba na ƙarshe da ke hannunta. Abin da ke sa haɗakar ta yiwu shi ne, tun daga HTTP/1.1 na 1997, wajibi ne burauza ta faɗi sunan shafin da take nema a cikin buƙatarta, a layin da ake kira Host. Ka ɗauke shi kamar gidan haya mai ƙofa ɗaya: ɗan aike ya yi sallama ya ambaci suna, mai sunan ya fito. In ya ambaci sunan da babu a gidan, ba a cewa babu kowa, sai wanda ɗakinsa ke bakin zaure ya leƙo. Haka manhajar Apache take. Sunan da ba ta sani ba, tana miƙa shi ga shafin farko da ke jerinta. A Ubuntu fayilolin saitin shafuka bisa jerin haruffa ake karanta su, shi ya sa wanda ke zuwa tare da manhajar aka sa masa suna 000-default.conf, don ya riga kowa. Ƙanena ya kashe wannan tun tuni, sai shagon sola, wani kwastomansa da harafin sunansa ke gaba, ya zama na farko. Manhajar Nginx ma haka take yi in ba a ware shafi guda an yi masa alamar default_server ba.

Umarnin apachectl -S ya baje mana jerin: sunan makarantar yana nan, amma ba tare da www ba. DNS ta kawo Hajiya sabar da ta dace, sabar ce ba ta san sunan ba. Gyaran layi ɗaya ne, ServerAlias da sunan mai www, sai sake loda Apache. Muka kuma sake karɓo satifiket ɗin tsaro daga Let's Encrypt ya ƙunshi sunayen biyu, don in ba haka ba mai shiga ta https zai ci karo da gargaɗi. Mashigar https, ta 443, saitinta dabam yake da na mashigar http, ta 80, kuma da yawa sukan gyara ɗaya su manta da ɗayar.

Da a ce ba a nan muka kama shi ba, akwai sauran wuraren leƙawa. Fayil ɗin .htaccess yakan ɓuya saboda ɗigon da ke farkon sunansa, wasu manhajojin kwashe fayil su tsallake shi, sai shafin farko ya buɗe sauran su ƙi. Wani lokaci index.html na “barka da zuwa” da kamfani ya ajiye ne ke shan gaban index.php. WordPress kanta tana riƙe adireshinta a rumbun bayanai, a siteurl da home, ta yi ta mayar da mutane can. A DNS kuma, akwai mai sauya bayanin A ya bar na AAAA, sai masu IPv6 su ci gaba da zuwa tsohon wuri. Wanda kuma ya ratsa shafinsa ta Cloudflare, a can zai sauya lamba, ba wurin wanda ya sayar masa da sunan ba.

Muka gyara, muka gwada, muka ce wa Hajiya ta sake buɗewa. Ta ce, “Malam, har yanzu solar nan ce.” A nan ne ƙanena ya kusa zubar da hawaye. Dalili kuwa, saitin shagon yana da umarnin tura duk wanda ya shigo ta http zuwa cikakken adireshinsa na https, da lambar 301, wadda ke nufin an koma dindindin. Tun farko umarnin curl -I ya nuna mana wannan lambar da adireshin shagon a layin Location. Burauza tana da izinin adana amsar 301, kuma in ba a sa mata wa'adi ba takan riƙe ta tsawon lokaci. Wayar Hajiya ta daina tambayar saba ma, da ta ga sunan sai ta wuce shago kai tsaye. Na ce, “Hajiya, a buɗe tagar sirri a Chrome a gwada.” Sai ga makaranta. Ta goge abin da burauzar ta adana, tata ta warware. Tun daga lokacin, a makon ƙaura 302 nake sawa a duk wata turawa, mai nufin na wucin gadi, sai komai ya zauna in mayar da ita 301.

Wayoyin iyayen da suka buɗe da safe kuwa ba mu da iko da su, kuma ba za a tara su a koya musu goge ajiyar burauza ba. Amma burauza adireshin da aka tura ta daga gare shi kawai take tunawa, wato mai http da www. Sai makaranta ta tura sabon mahaɗi a zauren WhatsApp na iyaye, mai farawa da https, babu www, mai kai mutum shafin sakamako kai tsaye, tare da gargaɗin cewa wanda ya ga tsohuwar sanarwa ya dakata zuwa dare. Kafin la'asar yawancinsu sun ga makin 'ya'yansu, masu layi irin na hedimasta kuma suka samu bayan isha'i, da wa'adin 86400 ya cika. Tsohuwar sabar muka bar ta a kunne har ƙarshen watan da aka riga aka biya kuɗinsa.