Ciwon Bayan Tsohon Soja: Ina Zai Ɗaukaka Ƙara?

Duk ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni a saki fararen tattabaru a Abuja domin tunawa da 'yan mazan jiya. Waɗanda ake tunawar sun kwanta dama. Masu rai kuwa, wasunsu suna ƙauyuka irin na Ƙaramar Hukumar Gezawa, suna fama da ciwon da ba a ba da lambar yabo a kansa, wato ciwon ƙugu da gadon baya.

Sojan da harsashi ya sama ko nakiya ta cire wa ƙafa ba ya buƙatar dogon bayani, rauninsa shi ne shaidarsa. Ciwon baya a hankali yake shiga: shekaru ana ɗaukar rigar sulke da bindiga da harsasai, ana haƙa rami, ana jijjiga a bayan mota kan hanyar da ba kwalta, daga Laberiya da Saliyo zamanin ECOMOG zuwa dajin Sambisa. Kurtun da ya ce bayansa na ciwo a bakin daga, raki za a ce yana yi. Sai ya shafa man zafi ya yi shiru, fayil ɗinsa ya fita fes, kamar bai taɓa ciwo ba.

A Gezawa wannan shirun yana da tsada. Ƙasa ce da gona ke manne da gona, filayen ƙanana ne, kuma yawancin aikin na fartanya ne. Shuka, noman fari, maimai, cirar gyaɗa, roron wake, duk a sunkuye ake yin su. Tsohon kofur da ya dawo gida da niyyar ya rufa wa kansa asiri da gonar gado, in baya ya ƙi lanƙwasuwa, sana'ar ta ƙare ke nan. Ko dai fanshon ya tafi a kuɗin 'yan ƙwadago, ko a jinginar da gonar. Har sallah ma sai a zaune.

Doka ta tanadi haƙƙin nakasa ga sojan da ya samu rauni a bakin aiki, kuma kwamitin likitocin soja ne ke auna girmansa. Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutse-Alhaji a Abuja da takardun da suka iso gabanta take aiki. Matsalar ita ce ciwon baya ya fi tsananta bayan sallama, lokacin da faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya zame ya danne jijiya, zafi ya riƙa sauka har tafin ƙafa. Mutum zai gama da ƙahon wanzami da mai ɗori, sannan ya isa Asibitin Ƙashi na Dala. Hoto zai nuna ɓarnar, amma ba zai rubuta ranar da ta fara ba.

To, in an ce masa ciwon ba na aiki ba ne, wa zai kai wa kuka? Hanyar ƙorafi da Dokar Sojoji ta shimfiɗa ta hannun kwamanda take bi, ta fi dacewa da wanda yake cikin kaki. Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya bai wa hurumin shari'ar fansho, kuma tana zama a Kano. Amma mai lissafin kuɗin mota daga Jogana zuwa Dala ba shi ne zai ɗauki lauya ya ja da rundunar soja ba. Abin da ya rage shi ne zanga-zanga, irin wadda tsoffin sojoji suka yi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja a Janairun 2025 kan bashin haƙƙoƙinsu. Mai ciwon ƙugu ko zaman motar Abuja ba zai iya ba.

A Amurka ba a bar wannan ga ra'ayin wani jami'i ba. Ana auna iyakar sunkuyawar mutum: wanda bai wuce digiri 30 ba ana lissafa masa nakasar kashi 40 cikin 100, wanda ya tsaya tsakanin 30 da 60 kashi 20. In bai gamsu ba yana da shekara guda ya nemi a sake dubawa, akwai hukumar ɗaukaka ƙara ta tsoffin sojoji, kuma tun 1988 aka kafa musu kotu ta musamman a samanta. Mafi muhimmanci, dokarsu ta ce in hujjoji suka yi kunnen doki, tsohon sojan ake bai wa gaskiya. Su ma can ana kukan jinkiri, amma mai ƙara ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Za a ce ciwon baya na kowa ne, kuma haka ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da shi a 2020, kuma manomin da bai taɓa sa kaki ba shi ma yana kwana da shi. Za a kuma ce buɗe ƙofar zai jawo masu ƙarya, a ƙasar da ta sha fama da 'yan fanshon bogi. Sai dai maganin ƙarya bincike ne, ba toshe kunne ba. Sannan rundunar ce ke riƙe da fayil. In ba ta rubuta ba, ko ta ɓatar, bai kamata wanda ba shi da ikon taɓa takardar ya biya kuɗin sakacin ba.

Abin da ake buƙata bai kai gina sabuwar ma'aikata ba. Majalisar Tarayya ta kafa kwamitin ɗaukaka ƙara mai zaman kansa, da likitan ƙashi farar hula da lauya da wakilin Ƙungiyar Tsoffin Sojoji a cikinsa, wanda zai riƙa zama a manyan birane ciki har da Kano. Ya karɓi rahoton asibitocin gwamnati irin Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a matsayin hujja, ya saurari abokan aikin mai ƙara in fayil ya yi shiru, ya kuma bar damar sake auna mutum in ciwon ya ƙaru bayan sallama. Duk wanda aka hana, a ba shi dalili a rubuce, da wa'adin da zai ƙalubalanta, cikin harshen da yake karantawa.