Haruffan Fatake da Aka Mayar Kayan Duba

Duk sanda na ga ana tallar 'yan duwatsu masu haruffan runa a intanet, wai su gaya maka abin da gobe za ta haifa, sai in yi murmushi. A wurin mutanen Arewacin Turai na dā, waɗannan haruffa rubutu ne kafin komai. Tsohon jerinsu, Futhark, haruffa 24 ne, ya ragu zuwa 16 a zamanin Baikin (Vikings), kuma kowane harafi da sunansa: na farko, fehu, yana nufin shanu, wato dukiya. Bayan gobarar 1955 a Bryggen, tsohuwar unguwar fatake ta birnin Bergen a Norwe, masu tono sun fito da rubuce-rubuce sama da 600, galibi a jikin 'yan sanduna: sunan mai kaya, saƙon ciniki, har da na soyayya. Gaskiya ne Tacitus, marubucin Rum, ya ce a shekara ta 98 Jamusawa kan yanka reshen itace, su yi wa gutsattsarin alamu, su watsa a farin ƙyalle su ɗauki uku don duba, amma "alamu" kawai ya kira su. Wani dutse marar rubutu da ke cikin duwatsun, wanda masu duba ke ji da shi kuwa, Ralph Blum ne ya yaɗa shi a littafinsa na 1982. Ni dai ina ganin an yi wa tarihi kwaskwarima ne don a samu kasuwa. Mai son ganin runa tana aikinta na asali ya duba tambarin Bluetooth a wayarsa: haruffa biyu ne na farkon sunan Sarki Harald Bluetooth.