Uwa Ba Ta Faɗa, Mushe An Hana Shi: Wa Zai Gaya wa Ɗiyanmu?

Sau biyu aka yanke hukunci iri ɗaya a kan magana ɗaya, a gefe biyu na iyakar da ta raba mu da Najeriya. A 2014 gwamnatin Nijar ta janye darasin lafiyar haihuwa da aka shirya wa ɗaliban sakandare, bayan ƙungiyoyin addinin Musulunci sun ce zai ɓata tarbiyya. A watan Nuwamban 2022 kuma ministan ilimin Najeriya na lokacin, Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire irinsa daga manhaja, ya ce aikin iyaye ne da malaman addini. Mutane da yawa sun yi murna. Ni ban yi ba. Haifaffiyar Dumega ce ni, aikina ungozomanci a ɗakin haihuwa, kuma abin da aka ce an bar wa iyaye a hannuna yake ƙarewa.

Mai cewa aikin iyaye ne, ya faɗa mini waɗanne iyaye yake nufi. A Arewa uwa ba ta kiran sunan ɗiyarta ta fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane. Wadda ba ta iya furta sunan yarinya, ita ce za ta zaunar da ita ta yi mata bayanin jinin al'ada? Uba kuwa ko labari ya ji, sai ya ɗauki butarsa ya fice. Ba na zagin wannan kunya, a cikinta aka raine ni. Amma kakanninmu sun san kunya za ta rufe bakin uwa, shi ya sa ba su taɓa ɗora mata wannan aiki ba. Kaka ce mai yi, domin akwai wasa tsakaninta da jika. Gwaggo ce mai nuna wa yarinya yadda ake ɗaura ƙunzugu da yadda ake wanke shi a ɓoye. Uwar riƙo ce mai yi wa amarya gargaɗi. Ko dandali yana da nasa doka, akwai sarkin samari, akwai tara ga wanda ya wuce iyaka.

Wannan tsari ya watse, kuma ba lakwal, wato makarantar boko, ce kaɗai ta watsa shi ba. Da an gama girbin gero maza sun kama hanya, wasu Najeriya, wasu Kwatano, wasu wajen haƙar zinariya a Jado. Yarinyar ƙauye da ta ci jarrabawar shiga kwaleji sai ta bar gida tana da shekara 12 ko 13, ta zauna gidan mai masauki a Dumega, Tibiri ko Dogon Dutsi, daidai lokacin da jikinta zai fara canzawa. Gwaggo tana can ƙauye. Abin da ke kusa da ita salular ƙawarta ce. Samari kuwa a wurin mai cajin waya suke tura wa juna bidiyon da ko babba ya gani sai ya yi a'uziyya. Darasin da aka hana a aji ana yin sa kullum da dare, malaminsa ne kawai babu wanda ya tantance.

Ga irin abin da nake gani. An taɓa kawo mini yarinya tana rawar jiki, ta kwana biyu tana ɓoye zani don ta zaci wani ciwo ne zai kashe ta, alhali girma ne ya zo mata. An kawo wata a kan ciwon ciki, uwarta na cewa, "Madam, shawara ce ke damunta," na duba na tarar da ciki ya yi wata biyar. Da na keɓe da ita na ce, "Ɗiyata, ba ki lura jini ya ɗauke ba?" sai ta ce ai ba ta san ɗaukewar jini tana nufin wani abu ba. Saurayi ya dawo daga cin rani da ciwon sanyi, ya sayi ƙwayoyi wajen mai tallar magani a kasuwa, ya sha kwana biyu ya bari, bayan wata uku a ɗaura masa aure ya kai wa ɗiyar mutane.

Abin da masu adawa ba su cika dubawa ba shi ne, mafi yawan masu buƙatar wannan sani matan aure ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ɗiya mata a Nijar ana yi musu aure kafin su cika shekara 18, kashi 28 kafin 15. Kashi 40 na masu shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna da ciki. Amaryar da aka kai ɗaki da "yi na yi, bari na bari" kaɗai ba ta san kumburin ƙafa da ciwon kai mai tsanani alamar jijjiga ce ba. Ba ta san naƙudar da ta wuce yini da kwana ba ta buƙatar rubutu da haƙuri, asibiti take buƙata. Sai an ɗoro ta a amalanke, ɗa ya mutu a ciki, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari, a fara neman kuɗin motar Yamai ko Danja ta Maraɗi. Jahilcin nan bai tsare mutuncin kowa ba.

Malamaina, da girmamawa nake magana, addini bai taɓa jin kunyar wannan fanni ba. Ɗalibin da ya fara Ahalari zai tarar da babin haila da na jinin biƙi. Wanda ya kai Risala zai karanta bambancin maniyyi da maziyyi da wadiyyi tun a farkon babukan tsarki. Ummu Sulaim ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hukuncin macen da ta yi mafarki, ya ba ta amsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan suka ga malaman da ke barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci, ɗiyarsa Nana Asma'u kuma ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna koyar da mata. Sai dai fiƙihu hukunci yake bayarwa: yaushe za a yi wanka, yaushe za a bar salla. Ba ya faɗin dalilin da ya sa ƙugun ƴar shekara 14 ke kasa fitar da ɗa, ko yadda ƙanjamau ke yaɗuwa. Wannan fagen kimiyya ne.

Tsoron iyaye ma ba na banza ba ne. Darasin da aka janye a 2014 littafi ne da aka rubuta da Faransanci, da tallafin ƙungiyoyin waje, babu wanda ya zo ƙofar mai gari ya karanta wa mutane abin da ke ciki. Wanda bai ga abu ba, jita-jita zai yarda da ita. Sannan kowa ya san akwai mushe, wato malamin lakwal, da ke sayen ɗaliba da maki. Uban da ya ji irin wannan labari, yaya za a yi ya yarda namiji ya tsaya gaban ɗiyarsa yana zancen balaga? Dokar kare ɗiya mata ƴan makaranta da aka sa wa hannu a Disamban 2017 tana nan a takarda, amma yarda ba ta samuwa sai an ga an hukunta mai laifi maimakon a yi masa canjin wurin aiki.

Duk da haka ra'ayina a fili yake: sanin jiki nauyin makaranta ne, tarbiyya nauyin gida ce, hukunci na malamai ne. Na ɗora kaso na farko a kan makaranta domin ita kaɗai ce ake iya bincika. Sufeto yana iya shiga aji ya ga ko an koyar, ya ga ko daidai aka koyar. Babu mai iya shiga gida dubu ya tambayi kowace uwa abin da ta faɗa.

Amma da sharuɗɗa. A fassara darasin da Hausa, a karanta shi a gaban kwamitin makaranta, ƙungiyar iyaye mata, liman da mai gari, a yi gardama a kan kowane babi kafin yaro ya ji shi. A raba aji, mace ta koyar da mata, namiji ya koyar da maza, inda babu malama a kira ungozoma daga likita. A fara tun ajin ƙarshe na firamare, don da yawa daga nan suke barin karatu. Kada a manta da samari, gama duk gargaɗinmu a kan mace yake sauka, alhali ba ita kaɗai ke yin ciki ba. Waɗanda ba su taɓa shiga aji ba kuma akwai hanyoyin da aka riga aka gwada a ƙasar nan: shirin Illimin da aka fara a 2013 yana tara ƴan mata a ƙarƙashin mace da gari ya amince da ita, makarantar mazaje da ta faro a jihar Damagaram tana zaunar da magidanta su tattauna lafiyar matansu.

Ke kuma uwa, ba na ce ki yar da kunyarki ba. Ki zaɓi mace guda, ƙanwarki ko gwaggon yarinyar, ki ce mata, "Na ba ki amanar ɗiyar nan, ki gaya mata abin da bakina ba zai iya ba." Ki yi haka kafin ta cika shekara 11. Uban da ya ƙi darasin lakwal yana da ikon ƙi, amma ranar taron iyaye a watan Oktoba ya zo da sunan wanda ya wakilta a madadinsa, na ɗiya mace da na ɗa namiji.